MAKANTAR FUSKA: Lalurar Da Kan Jawo Wa Mutum Zargin Girman Kai

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, amma akwai waɗansu bayin Allah waɗanda fuska ba ta gaya musu ko da sunan mai ita, balle labarin zuciyarsa. Idanunsu lafiya lau suke, suna karanta jarida, suna zura zare a allura, hankalinsu kuma daram. Abu ɗaya ne ya gagare su, watau su dubi fuskar mutum su ce wannan wane ne, ko da kuwa maƙwabcinsu ne, wani lokaci ma har ɗan cikinsu.

Likitoci suna kiran wannan lalura da suna furosofagnosiya, daga kalmomi biyu na harshen Girka masu nufin fuska da rashin sani. A Hausance ana iya ce mata makantar fuska. Wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Joachim Bodamer, shi ya raɗa mata wannan suna cikin shekarar 1947, bayan ya duba waɗansu da suka ji rauni a ka. A cikinsu akwai wani saurayi ɗan shekara 24 da harsashi ya samu a kai, wanda daga nan ya kasa gane danginsa, ya kuma kasa gane fuskarsa a madubi, amma da zarar mutum ya yi magana sai ya shaida muryar.

LIKITAN DA YA BA MADUBI HAƘURI

Cikin waɗanda suka rayu da wannan lalura, da wuya a sami wanda ya bayyana ta kamar Dokta Oliver Sacks, mashahurin likitan ƙwaƙwalwa da aka haifa a Landan cikin 1933, ya yi yawancin aikinsa a birnin Niyok na Amurka, ya rasu cikin 2015. Shi da ke duba ƙwaƙwalwar mutane, sai ga shi tasa ba ta riƙe fuska.

Cikin shekarar 2010 ne ya fito fili ya ba da labarin kansa a rubuce. Ya ce tun yana makaranta da alamu yake gane abokansa, wannan da tsawonsa da jan gashinsa, wancan da kaurin girarsa da tabaransa. Ya ce ya taɓa haɗuwa da likitan da yake gani sau biyu a mako shekara da shekaru, 'yan mintoci kaɗan bayan sun rabu, amma da yake a ƙofar gini suka haɗu ba a ofis ba, bai gane shi ba. Ya kuma sha ba wani ƙaton mutum mai gemu haƙuri don ya kusa bangaje shi, ashe kansa yake gani a madubi.

Mai karatu na iya yin dariya, amma abin bai tsaya ga ban dariya ba. Dokta Sacks ya ce wani kaso na abin da mutane ke kira kunyarsa, da gudun jama'a, da rashin iya hulɗa, daga wannan lalura ya samo asali. Bai kuwa fahimci cewa abin a jini yake ba sai da ya ziyarci wansa a Ostireliya, ya tarar shi ma haka yake fama.

INA MATSALAR TAKE?

Ido ɗaukar hoto kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke faɗin mai hoton. Cikin 1997 wata masaniya Ba'amurkiya, Nancy Kanwisher, da abokan aikinta suka nuna da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa cewa akwai wani ɗan yanki can ƙasan ƙwaƙwalwa, musamman ta hannun dama, wanda yakan tashi aiki sosai idan mutum ya dubi fuska. Mai makantar fuska yana ganin hanci da baki da idanu, yakan kuma gane namiji ne ko mace, amma haɗa su wuri ɗaya su zama fuskar wane, nan gizo ke saƙar.

Lalurar iri biyu ce. Akwai wadda kan sami mutum da girmansa, sanadiyyar shanyewar ɓarin jiki, ko rauni a ka irin na haɗarin mota da babur, ko wata cutar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wadda mutum kan tashi da ita tun yana yaro ba tare da wani rauni ba, wadda sau da yawa takan bi dangi. Ta biyun ta fi yawa. Wani bincike da aka yi a Jamus, aka buga cikin 2006, ya samu kimanin kashi 2 da rabi cikin 100 na ɗaliban da aka gwada suna da ita, watau wajen mutum 1 cikin 40. Da yawansu ba su san suna da wata lalura ba, zato suke kowa haka yake gani.

Marigayiya Jane Goodall, Baturiyar Ingila da ta shahara wajen nazarin birai a dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya, ta faɗa da bakinta cewa tana fama da ita. Haka ma Chuck Close, mai zane ɗan Amurka da ya rasu cikin 2021, wanda abin mamaki zanen fuskokin mutane ne sana'arsa.

ZAMA DA JAMA'A

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da makantar fuska ba. Dabaru ne masu ita ke rayuwa da su. Sukan kula da murya, da salon tafiya, da askin kai, da gemu, da wushirya, da irin tufafin da mutum ya saba sawa, da kuma wurin da aka saba ganinsa. Amma dabara tana da iyaka. Ranar da mai gemu ya aske gemunsa, ko ma'aikacin asibiti ya tuɓe farar riga ya shiga kasuwa, to, ya zama baƙo.

A ƙasar Hausa nauyin abin ya fi yawa, domin gaisuwa ita ce ma'aunin mutunci. Wanda ya wuce surukinsa a hanya bai rusuna ba, ko matar da ta kasa gane 'yar'uwar mijinta a gidan biki, ba wanda zai kawo lalura a ransa. Cewa za a yi girman kai ne, ko raini, ko ya sami duniya ya manta da mutane. Ga shi kuma hijabi da rawani da kayan makaranta da anko sukan rufe alamun da mai lalurar ke dogara da su. Yaron da ke da ita kan kasa gane 'yan ajinsu, ya koma gefe shi kaɗai, a ce masa miskili.

Saboda haka gyara ya rataya a wuyan ɓangare biyu. Mai lalurar ya daure ya gaya wa iyalinsa da abokan aikinsa, kada kunya ta sa ya bar su cikin zato. Su kuma jama'a, in sun sani, su riƙa haɗa sallama da suna, kamar a ce, "Salamu alaikum, Malam, Audu ne na kanti." A wata walimar Dokta Sacks, sai da aka sa baƙi suka maƙala takarda mai ɗauke da sunayensu a ƙirji. Wanda kuwa abin ya same shi farat ɗaya, bayan da can yana gane mutane, a gaggauta kai shi asibiti, domin yana iya zama alamar shanyewar jiki.

Kafin a yanke zumunci da wani don ya wuce bai gaisa ba, ya kamata a bincika tukuna. Allah Ya ba masu fama da wannan lalura sauƙi, amin.