Kulocin Asali: Abin da Ake Faɗa a Garejin Maradi da Gaskiyar Lamarin

Kwanan baya na tarar da gardama a wani gareji a Maradi. An kawo wata Peugeot 504 daga Tibiri, mai ita ya kafe kai da fata ba za a taɓa masa kuloci ba, wai na asali ne, da shi motar ta fito. Bakanike ya share hannu da tsumma, ya ce, "Alhaji, ambireyaj ɗin nan, wato kulocinka, ya gama aikinsa, kai ne ba ka sallame shi ba." Nan take ƴan zaman benci suka rabu gida biyu, kowa da fatawarsa.

Maganar da ta fi yawo ita ce na asali ba ya mutuwa. Ƙarya ce, sai dai an yi mata rigar gaskiya. Ƙarfen 504 nagari ne, ko ƙirar Faransa da ta fara fitowa a 1968, ko wadda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975. Amma faifan kuloci an yi shi ne don ya cinye, kamar takalmin birki. Bakaniken nan ya ciro shi ya nuna mana: fatar ta siɗe har kawunan ƙusoshin da ke riƙe da ita sun fito suna ƙyalli, sun zana layuka a fuskar babban faifan injin, wanda a nan ake ce wa bolan. Da an canza da wuri, da kuɗin faifai kaɗai za a kashe. Yanzu har bolan sai an kai an goge.

Wai kuma duk motar da giya ke mata gardama, kuloci ne ya ƙare. Wannan jita-jitar ta ci kuɗin mutane da yawa. Kulocin 504 da mai yake aiki, irin man birki. In man ya yi ƙasa, ko iska ta shiga, ko roba ta fashe, za ka ji feda ta yi laushi, giya na ƙara in za ta shiga, alhali faifan lafiyarsa lau. Alamar wanda ya cinye daban ce. Hau kwalta, sa giya ta sama kana tafiya sannu, sannan ka danne totur. In injin ya ɗau kuka motar ba ta ƙara gudu ba, ga warin ƙuna, to santsi yake yi.

Masu cewa a wanke faifan da fetur a mayar, ɗan sauƙin da ake gani ba ya daɗewa. In mai ne ya jiƙa shi, a nemo inda yake yoyo, galibi bayan injin ko gaban akwatin giya. In ba a toshe ba, sabon ma haka zai bi.

Akwai samarin da ke zuga a sa kulocin tsere, wai ya fi ƙarko. Hujjarsu ba ta banza ba ce: 504 ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, mai ƙofa biyun ta sake ci a 1978. To amma motar gasa ana warware ta bayan kowane tsere. Kulocin tsere cafka yake yi, ba ya lallashi, yana cin bolan, ga gajiyar da ƙafa. Wanda zai kutsa cikin cunkoson babbar kasuwa, kabu-kabu na gifta masa ta ko'ina, me zai yi da shi?

Abin da ƴan benci suka faɗa daidai shi ne direba ne ke kashe kuloci, ba shekaru ba. Ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya, riƙe mota da rabin kuloci a hawa, lodin buhunan zogale daga Jiratawa har bayan mota ya durƙusa, da tuƙin ƙarfi in taya ta nutse a rairayin gulbi: kafewa ɗaya a yashi na iya ƙone abin da zai yi shekaru.

Wani abin kuma ba wanda ya ambata. Tsofaffin faifai da yawa da asbestos aka yi su, wanda ƙurarsa ke lalata huhu har ta jawo kansa. Faransa ba ta hana amfani da shi ba sai 1997. Na ga yaron gareji ya kumbura kumatu zai hure baƙar ƙurar da bakinsa, sai da na daka masa tsawa. A goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Batun kuloci na hannu, wanda ake cirowa daga motocin Kwatano, caca ce, don ba ka san ƙafar da ta taka shi ba. Sabo a kwali ma sai an lura, jabu sun yi yawa. Sauke akwatin giyar 504 kuwa aiki ne ja, saboda haka in an buɗe, a canza ukun gaba ɗaya: faifai, filato mai danne shi, da bute mai sakin shi. Mai son ajiye na asali don tarihi, ya naɗe shi a leda ya sa a ɗaki. Haka Alhajin Tibiri ya yi.