Kabad Ɗin Kwali: A Saya Ko A Bari?



Kaka ta yi, an sayar da riɗi da zoɓo, adashi ya zagayo, hankalin da yawa daga cikinmu ya koma kan gyaran ɗakin girki. Wata ta gaji da ajiye kwanuka a ƙasa, wata kuwa 'ya za ta aurar, ga shi yanzu ba a cewa jere ya yi kyau sai an leƙa kicin. To, cikin kayan da ake yayi akwai wani irin kabad wanda ba a tsaye yake zuwa ba. A cikin kwali yake zuwa, falle-falle kamar alluna, tare da ƙullin kusoshi da takarda mai hotuna, sai an kawo shi gida a harhaɗa. Sau da yawa ya fi na kafinta araha, kuma a ido ba shi da makusa. Shi za mu auna yau, tun kuɗi ba su bar hannu ba.

Amfaninsa

Wannan dabara ta bunƙasa ne daga ƙasar Suwidin. A 1956 wani ma'aikacin kamfanin IKEA, mai suna Gillis Lundgren, ya rasa yadda zai shigar da tebur cikin mota, sai ya kwance ƙafafunsa. Kamfanin ya lura cewa kayan da aka kwance ba su cin wuri, ba su kuma saurin karyewa a hanya, don haka kuɗinsu zai sauka. Yau masana'antu da yawa a duniya haka suke yi.

Mu da ke bakin iyaka mun san darajar wannan. Wadda ta taɓa sayen kabad a tsaye a Kano ta san kuɗin mota, ta kuma san yadda yake isowa da ƙuje-ƙuje. Na kwali kuwa sai a shimfiɗa shi a bayan mota. Yana wuce zaure da ƙaramar ƙofa ba tare da an fasa gini ba. Yana da sauƙin gogewa, yana tsare kwanuka daga ƙurar hunturu. Wannan duk gaskiya ne, kada a raina.

Da me aka yi shi?

Amma fa sheƙin da kike gani riga ce kawai, irin fomeka ko leda mai kauri da aka liƙa. Abin tambaya shi ne abin da ke cikin rigar, kuma iri uku ne.

Na farko diddigar katako ce aka cuɗa da gam aka matse. A Jamus aka fara yinsa da yawa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da katako ya yi ƙaranci. Shi ya fi araha, shi kuma ya fi rauni. Na biyu shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira MDF. Shi ma matsattse ne, amma garinsa mai laushi ne, kuma yana da ƙane mai suna HDF wanda ya fi shi tauri. Na uku filawud, wato siraran fallayen itace da aka liƙa, kowane ya gitta ɗan uwansa. Shi ya fi su jure ruwa da riƙe kusa, shi ya sa ya fi tsada.

Ga yadda za ki gane su. Juya allon ki dubi gefen da ba a rufe ba, ko ramin da aka haƙa don hinji. In kin ga ɓarzo-ɓarzo kamar dambu, na farko ne. In kin ga sumul, launin ƙasa, MDF ne. In kuwa layi-layi ne kamar shafukan littafi, filawud ke nan. Gani ya kori ji.

Ruwa da gara

Wata za ta ce, "Ai ƙasarmu busasshiya ce, damina wata uku ko huɗu ce." Haka ne. Amma ruwan da ke kashe kabad a cikin gida yake: gindin randa, jarkar da aka sauke, wurin wanke-wanke, da tsumman goge ƙasa na kullum. Itacen gaske, kamar maɗaci, yakan kumbura da damina ya koma da hunturu. Matsattsen katako kuwa in ya sha ruwa ya kumbura, ya tafi ke nan, ba ya komawa. Sai rigar ta ɗaye, kusa ta saki, ƙofa ta rataye. Kafinta ma ba shi da abin da zai yi, don babu inda kusa za ta kama.

Gara kuma ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Tana bin ƙasa da tsagar bango, kuma tana son wuri mai duhu da laima. Bayan kabad da gindinsa su ne gidanta. Takan cinye ciki ta bar riga a tsaye, sai ranar da aka jingina hannu a ji ya burma. Saboda haka duk katakon da zai zauna a kicin, kada ya taɓa ƙasa. A ɗora shi kan ƙafafun ƙarfe ko na roba, ko a kan tudun siminti, a kuma bar hanyar da tsintsiya za ta shiga.

Wuta da bango

A Turai aka ƙirƙiro wannan kabad, don ɗakin da ake girki da gas ko lantarki. Wadda ke girki da itace ko gawayi a cikin ɗaki ɗaya da shi, ta sani zafi zai ɗaye gefensa, hayaƙi kuma zai dafar da farinsa. Mai girki da gas kuma ta kiyaye abu ɗaya: kada a rufe tukunyar gas a cikin kabad marar iska. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake taruwa, ƙyastu ɗaya ya isa.

Sai batun bango. Kabad na sama, in aka cika shi da tangaran da kwalabe, kaya ne mai nauyi. Bangon bulo na siminti yana iya riƙe shi in an huda an sa kusoshin da suka dace. Ginin ƙasa kuwa, ko an shafe shi da siminti, ba abin dogara ba ne, don kusa takan zare a hankali har ranar tsautsayi. Dogon kabad mai tsayuwa a ƙasa shi ma a ɗaure kansa da bango, saboda yara suna buɗe aljihunsa su taka. A 2016 kamfanin nan da muka ambata ya janye durowa miliyan 29 a Amurka, bayan wasu sun kife kan ƙananan yara sun rasu. Rigakafi ya fi magani.

Lissafin gaskiya

Kuɗin da aka faɗa miki a kanti somin taɓi ne. Ƙara kuɗin mota daga Kano zuwa ƙofar gida. Ƙara ladan wanda zai haɗa, don ba kowane gida ke da kayan aiki ba, kuma in aka murɗa kusa fiye da kima allon yakan fashe. Tambayi ko allon saman da ake aiki a kai yana ciki, don sau da yawa dabam ake sayar da shi. Sa'an nan ki tuna, in an buɗe kwali a Maigatari aka tarar hinji ɗaya babu, ko allo ya tsage, komawa Kano wata tafiya ce.

Bayan haka sai ki raba kuɗin da shekaru. A ce wani kabad ya ci naira dubu 100 ya yi shekara 2, wani ya ci dubu 200 ya yi shekara 10. Na farko dubu 50 yake ci duk shekara, na biyu dubu 20. Wanne ne mai arahar? Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Kafintan garinku yana da nasa amfani. Zai zo ya auna ɗakin, ya yi daidai da lungunsa, kuma in ƙofa ta saki yaro za ki aika. Amma shi ma a tambaye shi, don kafintoci da yawa yanzu da MDF suke aiki. A yi magana a fili kan irin allo da kaurinsa tun kafin a ba da kafin alƙalami. Allo cikakke ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Mai kaurin milimita 18 ya fi dacewa da kanta, siriri kuwa yakan lanƙwashe in ya ɗauki nauyi. In maigida ko ɗan uwa zai shiga Kano, ya leƙa 'Yan Katako ta Na'ibawa da kasuwar Ƙofar Ruwa ya ji farashi, don a san inda ciniki zai tsaya.

Shawara: raba kicin biyu

To, a saya ko a bari? Amsar tana ga wurin da za a ajiye shi. Raba ɗakin girkinki biyu, ƙasa da sama.

Ƙasa ita ce wurin ruwa da gara da manyan tukwane. Nan za ki zuba ƙarfin kuɗinki. Magini ya yi miki dakalin siminti da ramuka a ƙarƙashi, a sa tayil in da hali, a yi ƙofofi na alminiyam ko na filawud. Wannan ko an kwara masa bokiti guda ba abin da zai same shi. In kuɗin ƙofa bai samu bana ba, labule ya isa har baɗi.

Sama kuwa, in bangon bulo ne kuma nesa da murhu, nan kabad ɗin kwali ya dace. Kofuna, farantai, kayan shayi da kayan ƙamshi ba su jiƙa shi. A irin wannan wuri zai daɗe, kuma kin sami kyan da kike so da kuɗi kaɗan.

Mai ginin ƙasa ta nemi kanta ta ƙarfe mai ƙafafu a wurin mai walda, ta riƙe kwallayenta masu murfi da ragayarta. Babu abin kunya a ciki, iyayenmu da su suka tsare abinci daga ɓera da kiyashi. Masu zaman haya kuma, da iyayen amaryar da ba ta zauna wuri ɗaya ba tukuna, su sani wannan kabad ba ya son yawan kwancewa. Duk lokacin da aka zare kusa, raminta ƙara faɗi yake yi.

Aikin 'yan makaranta

Ku 'yan mata, ga naku. A 1926 wata mace 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ƙaramin kicin don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus. Sai da ta lura da yadda uwargida ke kai da kawowa wajen girki, sa'an nan ta ba kowane abu wurinsa. An yi irinsa a gidaje wajen dubu 10, kuma daga gare shi kicin na zamani ya samo tsari. Ku ma ku ɗauki tef ɗin tela da littafi, ku auna wa iyayenku tsawon bango, faɗin ƙofa, da inda taga take.

Ku kuma auna babbar tukunya. Kabad na ƙasa yawanci tsayinsa wajen santimita 90 ne, zurfinsa 60, na sama kuma zurfinsa wajen 30. An yi wannan awo ne don mai girki a tsaye. Mu kuwa tuƙin tuwo yana son zama kan kujera da tukunya a ƙasa. Don haka a bar wuri mai ƙasa-ƙasa saboda shi, kada a gama kashe kuɗi a koma tsakar gida da muciya.

A kanti

In an tashi saye, a buɗe kwalin a gaban mai kaya. A ƙirga alluna da kusoshi a gwada da takarda. A duba ko an rufe gefen kowane allo, don ta nan ruwa ke shiga. A buɗe ƙofar wanda aka kafa don nuni, a rufe, a girgiza shi. A karɓi rasit, a kuma yi magana kan canji in wani abu ya ɓace. Sabon allo yakan yi warin gam mai yaji a ido, sai a bar shi a buɗe ya sha iska kwanaki kafin a sa abinci.

Daga ƙarshe, 'yan uwa, a yi shawara da maigida, a yi gwargwadon hali. Kada a ci bashi ko a sayar da akuyar kiwo don a burge 'yan ganin ɗaki. Su wuni ɗaya za su yi su watse, ke ce za ki zauna da kicin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, laifin sai in an ɗebo da ita.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muka tara, ya tsare mana yaranmu, amin.