Kafeyin da kitsen hanta: shayinmu zai iya wanke ta?

Jama'a, mun sha jin ana cewa kofi na narkar da kitse. Akwai gaskiya a ciki, amma da sauran magana.

Hanta na ajiye kitse cikin ƴan ƙananan ɗigo a ƙwayoyinta. In ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyinta, likitoci su ce hanta ta yi kitse, kuma sau da yawa mutum ba ya jin ciwon komai sai abin ya yi nisa.

A 2014, masu bincike na Duke-NUS a Singafo sun wallafa abin da suka gani: sinadarin kafeyin, wanda ke cikin kofi da shayi da goro, yana zaburar da ƙwayar hanta ta haɗiye ɗigon kitsen nan, ta farfasa shi, sannan ta ƙone shi ya zama ƙarfin jiki. To amma fa, a jikin ɓeraye da ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji aka ga haka. Mutum ba ɓera ba ne.

Abin da ya fi damunmu shi ne sukari. Shayin fada, na farko da na biyu da na uku, kowanne sai an zuba masa sukari son rai, ga madarar gwangwani a Nescafé. Ita kuwa hanta rarar sukari kitse take mayar da shi. Ka ga an koma gidan jiya.

Hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce babba kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a wuni, wajen kofi huɗu ke nan. Mai juna biyu kuwa 200. Mai hawan jini ya fara tambayar likita.