Keken da ba ya barin ƙafa ta huta

Duk wanda ya taɓa hawan keke ya san daɗin gangara: mahayi ya tsai da ƙafafunsa bisa feda, keke na ta tafiya da kansa. Wannan hutu wani ɗan ƙarfe ne na ƙafar baya ke ba da shi, wanda masu gyaran keke ke kira firwil, Faransawa kuma su ce roue libre. To, akwai wani irin keke da ba shi da wannan ƙarfe. Ɗan faifan haƙoran da sarƙa ke ja an ɗaure shi tam a jikin ƙafar baya, ta yadda muddin ƙafar na juyawa, feda ma na juyawa. Faransawa na kiransa pignon fixe. Wanda ya manta ya tsai da ƙafa bisansa, feda za ta ɗaga shi daga sirdi, wani lokaci har ta kā da shi.

Mai karatu zai iya zaton sabon yayi ne na samarin Turai. A'a, shi ne keken asali. Kafin firwil ya bazu a ƙarshen shekarun 1890, haka kekuna suke. A kan irinsa ne Bafaranshen nan Charles Terront ya lashe tseren farko na Paris zuwa Brest da dawowa a 1891, tafiyar kilomita wajen 1.200, cikin awa 71 da ƴan mintoci. Nisan ya zarce na Yamai zuwa Damagaram, kuma hanyoyin Faransa na zamanin ba kwalta gare su ba.

A 1903 ɗan jarida Henri Desgrange ya shirya Tour de France na farko: kilomita 2.428, zango 6 kacal. Zangon farko kaɗai, daga Paris zuwa Liyon, kilomita 467 ne, Maurice Garin kuma ya shafe kusan awa 18 bisa sirdi kafin ya isa. Mutum 60 suka tashi, 21 suka ƙarasa. Desgrange mutum ne mai taurin kai. A ganinsa ƙarfin ƙafa ya kamata a gwada, ba dabarar maƙera ba. Saboda haka shekara da shekaru bai yarda manyan ƴan tsere su yi amfani da na'urar canza giya ba, sai a 1937. Kafin nan, in an iso gindin dutse, mahayi kan sauka, ya kwance ƙafar baya, ya juya ta zuwa ɓangaren da ke da faifai mai haƙora da yawa, ya ɗaure, sannan ya ci gaba.

Ƴan kasuwa na son lissafi, to ga shi. A ce faifan gaba haƙoransa 48, na baya 16. Kowane juyi ɗaya na feda, ƙafar baya ta juya sau 3, keke ya ci mita 6 da ɗan ɗori. A gudun kilomita 25 cikin awa, ƙafa na juyawa sau 66 a minti, abin da kowane lafiyayye ke iya yi. Amma a gangara, in gudu ya kai kilomita 50, dole ƙafa ta juya fiye da sau 130 a minti, ko ta so ko ta ƙi. A hawa kuwa babu sassauci, sai a miƙe tsaye a danna. Da wannan lissafi, kilomita 1.200 juyi ne wajen 190.000, ba a yafe ko ɗaya. Duk da haka, a tafiyar Paris-Brest-Paris da ake yi duk shekara huɗu, wadda mafi yawan mahaya ke da wa'adin awa 90, har yanzu akan sami ƴan tsiraru da suke zuwa da irin wannan keke don son ransu.

Me ya sa bai mutu ba? A filin tsere mai da'ira shi kaɗai ake hawa, ba birki, ba giya. Da shi Eddy Merckx ya yi kilomita 49,431 cikin awa guda a Meziko a 1972, Filippo Ganna kuma ya kai 56,792 a 2022. Amma abin da ya dawo da shi titi talauci ne da tsimi. Masu kai saƙo da keke a birnin Niyok suka rungume shi a shekarun 1980, domin kayansa kaɗan ne: abin da babu shi ba ya lalacewa, ɓarawo kuma ba ya kwance shi. Mai zuwa aiki kullum na samun keke marar nauyi, wanda gyaransa bai wuce shafa wa sarƙa mai da ɗaure ta ba. A gari mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wannan hujja ce mai ƙarfi, ko da yake gwiwar dattijo ba lalle ta yarda ba.

Inda hujjar ta rushe shi ne wajen birki. Mahayin da ya ƙware na rage gudu ta hanyar danne feda baya, wasu ma su daskarar da ƙafar baya ta ja ƙasa. Ganin haka, samari da yawa suka cire birki ɗungurungum don keke ya yi kyan gani. Alhali idan aka tsaya da gaggawa nauyi gaba yake komawa, ƙafar gaba ce ke tsai da keke, ta baya sai dai ta zame. Dokar Faransa ta wajabta birki biyu. Ta Ingila ta ɗauki ɗaurarriyar ƙafar baya a matsayin birki ɗaya, amma ta ce dole a sa na gaba. A 2016, a birnin Landan, wani saurayi bisa keken tsere marar birkin gaba ya buge wata mata tana ƙetare titi, ta rasu bayan ƴan kwanaki. A 2017 kotu ta yanke masa wata 18 a tsare.