Yadda sauya wa makunnin mai wuri ya kayar da jirgin sama haɗin gida

A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa ƙaramin jirgin sama a garejinsa, ya yi masa rajista, ya kuma tashi da shi, muddin masu sha'awa ne suka yi fiye da rabin aikin da hannunsu. Wasu kan sayi zane, wasu kuma su sayi sassa su harhaɗa. Tunda jirgin nasu ne, da yawa kan ce bari su matsar da tankin mai, ko batir, ko wani makunni zuwa inda ya fi musu. A nan haɗarin yake.

Abu na farko shi ne nauyi. Kowane jirgi yana da cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin gaba da na baya suke daidaita, kamar sikelin mai awo. Lita ɗaya ta man ƙananan jirage ta kai kimanin kilo 0.72, ke nan tanki mai lita 40 yana ɗauke da kusan kilo 29. Wannan nauyin kuma raguwa yake yi yayin da inji ke shan mai. Shi ya sa masu zane ke ajiye tanki kusa da cibiyar, galibi a cikin fukafukai. Idan ka kai shi can baya, jirgin zai tashi da wani daidaito, ya sauka da wani daban. In baya ya yi nauyi, hanci zai riƙa ɗagawa har jirgin ya ƙwace wa matuƙi. In gaba ne ya yi nauyi, ɗaga hanci lokacin sauka zai yi wuya.

Abu na biyu shi ne inda hannu zai kai. Ranar 12 ga Oktoba, 1997, mawaƙin Amurka John Denver ya mutu bayan jirginsa ya faɗa teku kusa da Pacific Grove a jihar Kalifoniya. Jirgin samfurin Long-EZ ne, wanda Burt Rutan ya zana. A zanen asali, makunnin da ke sauya shan mai daga wannan tanki zuwa wancan yana gaban matuƙi, tsakanin ƙafafunsa. Amma wanda ya haɗa jirgin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu. Ma'aunin mai ma a baya yake, kuma babu alamomi a jikinsa.

Denver gogaggen matuƙi ne, sai dai bai daɗe da sayen jirgin ba, kuma bai ƙara mai ba kafin ya tashi. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano cewa man tankin da injin ke sha ne ya ƙare. Don ya kai ga makunnin, dole ya murɗa jikinsa baya, kuma mai yiwuwa a garin haka ne ƙafarsa ta danna fedar juya jirgi ta dama. Jirgin yana ƙasa-ƙasa, babu sararin gyara kuskure.

Saboda irin wannan, duk wanda ya yi babban sauyi sai ya sake auna jirginsa. Ana sa sikeli a ƙarƙashin kowace taya, a lissafa inda cibiyar nauyi take da tanki cike da kuma babu mai. Bayan haka sai a yi tashin gwaji na aƙalla awa 5 kafin a ɗauki fasinja.

Ka duba wayarka: maɓallin kunnawa da na ƙara sauti suna daidai inda yatsa zai same su ko a cikin duhu. Ba a banza aka sa su nan ba. A jirgi ma haka ne, sai dai a can, laluben daƙiƙa kaɗan na iya cin rai.