Karayar Yatsan Yaro: A Ɗauki Hoto Kafin a Yi Ɗori

Idan ƙofar ƙarfe ta datse yatsan yaro, ko ƙwallo ta lanƙwasa shi a filin wasa, abin da aka fi ji a gidajen Gusau da Tsafe da Bungudu shi ne: "Targaɗe ne, ai ga shi yana motsa shi." Sai a ja yatsan, a shafa man zafi, in kumburi ya ƙi sauka a nufi maɗori. Wannan hukunci akwai ganganci a cikinsa, domin karyayyen yatsa ma yana motsi. Hoton ƙashi ne ke raba targaɗe da karaya, kuma a makon farko ya fi amfani.

A kowane hannu akwai ƙasusuwan yatsu 14, uku-uku a yatsu huɗu, biyu a babban yatsa. A gindin kowannensu yaro yana da guringuntsi mai taushi, inda ƙashin ke ƙara tsawo, kuma ya fi jijiyoyin gaɓa rauni. Shi ya sa bugun da zai bar babba da targaɗe yakan karya yaro a nan, galibi a gindin ƙaramin yatsa. Ƙashin yaro kuwa yana haɗewa cikin mako 3 zuwa 4, kuma tun a mako na biyu yake fara kamawa a yadda aka bar shi. Ƙaramar karkata takan miƙe yayin da yaro ke girma, amma yatsan da ya murɗe girma ba ya warware shi. Uwa za ta iya dubawa da kanta: ta sa yaron ya dunƙule hannu a hankali, in wani yatsa ya hau kan ɗan'uwansa, a tafi asibiti a ranar. Haka nan in jini na fitowa daga gindin farce kuma kan yatsan ya sunkuya. Sau da yawa wannan karaya ce mai buɗaɗɗen rauni, tana buƙatar wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus, in ba haka ba ƙashin ya yi ruwa.

Wani zai ce asibiti tsada, ga hanyar Tsafe zuwa Gusau ba kullum ake binta hankali kwance ba, alhali maɗori yana bayan gida kuma ya gaji sana'ar. Gaskiya ne, kuma babu mai musun cewa yara da yawa sun warke a hannunsa. Sai dai mafi yawan irin wannan karaya ba ta goce ba, ko a asibiti abin da ake yi bai wuce haɗa yatsan da na kusa da shi da filasta, ko ɗaure shi na 'yan makonni ba. Matsalar tana ga 'yan kaɗan da suka goce ko suka murɗe, waɗanda sai an kashe zafi an daidaita su, wani lokaci a riƙe su da siririyar waya da ake zarewa daga baya. Laluben hannu kaɗai ba ya tantance su duka, ko na likita ne. Kuɗin hoto ɗaya bai kama ƙafar na tiyatar gyaran yatsan da ya haɗe a karkace ba, wadda takan kai iyali har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Tsoron cewa likita zai yanke yatsa ma yana hana wasu zuwa. Cikin abubuwan da ke kai ga yankewa akwai ɗauri mai tsauri da ya toshe jini har nama ya mutu. Yatsan da ya yi sanyi, ko ya fara baƙi, ko ya daina ji, ko zafinsa ke ƙaruwa bayan ɗauri, a kwance shi nan take.

Iyaye, in abin ya faru a cire zobe kafin kumburi, a ɗaga hannun, kada a ja yatsan. A fara da babban asibitin Tsafe ko na Bungudu, in sun tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura a Gusau, ku je kafin mako ya zagayo.