Adon Bango na Tagulla Mai Ɗauke da Hikayoyin Girkawa da Rumawa: Tsufan Labari da Tsufan Ƙira

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan kayan adon bango na tagulla masu ɗauke da surorin alloli da jarumai na hikayoyin Girkawa da Rumawa. An bibiyi zamuna uku da aka ƙera su, an kuma nuna cewa daɗewar labarin da ke jikin allon tagulla ba ta zama hujja a kan daɗewar allon kansa.

1.0 Gabatarwa

Tagulla gauraye ce ta jan ƙarfe da kuza, inda jan ƙarfe kan kai kimanin kashi 90 cikin ɗari. Tsohuwar hanyar sarrafa ta ita ce zubi: a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Da wannan hanya da wasunta aka samar da alluna da faifai da maɗoran kyandir da ake kafawa a bango a ƙasashen Turai. Matsalar ita ce, wanda ya ga hoton Harkulis a jikin allo yakan ɗauka aikin Girkawan dauri ne, alhali mai yiwuwa a Faris aka zuba shi a ƙarni na 19.

2.0 Zamuna Uku na Ƙira

Zamani na farko shi ne na Girkawa da Rumawa su kansu. Kaɗan ne daga tagullarsu ta tsira, domin an narkar da mafi yawanta an yi makamai da kuɗi. Daga abin da ya rage akwai adon jiragen ruwan Sarki Kaligula (37–41 Miladiyya) da aka tsamo a tafkin Nemi, kudu da birnin Rum, ciki har da kawunan zaki da kyarkeci da fuskar Medusa. Medusa mace ce mai gashin macizai, wadda a hikaya duk wanda ya dube ta yake daskarewa ya zama dutse. Saboda haka kafa fuskarta ya wuce ado kawai, makari ne na sharri a imaninsu.

Zamani na biyu shi ne na farfaɗowar ilimi a Italiya, ƙarni na 15 da na 16. A nan aka yawaita ƙananan alluna da ba su wuce tafin hannu ba, waɗanda ake liƙawa a akwatuna da ƙotar takobi, wasu kuma a huda su a rataye. Andrea Riccio na Fadua da maƙerin da aka sani da laƙabin Moderno sun shahara a wannan fanni, kuma Moderno ya yi jerin alluna a kan gwagwarmayar Harkulis. Masu sayen waɗannan kaya Kiristoci ne, ba su bauta wa allolin. Abin da suke nunawa shi ne zurfin karatu, musamman sanin littafin Metamorphoses na mawaƙin Rum, Ovid.

Zamani na uku ya biyo bayan tonon garuruwan Harkulaniyom (1738) da Fomfei (1748), waɗanda aman dutsen Besubiyos ya binne a shekara ta 79. Sha'awar tsohon salo ta sake tashi, maƙera irin su Pierre-Philippe Thomire (1751–1843) suka ƙawata fadojin Faransa da tagulla mai ruwan zinari. A 1836 Achille Collas ya ƙirƙiro na'urar rage girman mutum-mutumi, a 1838 kuma ya haɗa gwiwa da Ferdinand Barbedienne. Daga nan kwafi ya yawaita, har masu matsakaicin ƙarfi suka iya mallakar abin da a da sai sarakuna da attajirai. Da yawa daga abin da ke yawo a kasuwannin kayan tarihi a yau daga wannan zamani ya fito.

3.0 Karanta Sura

Waɗannan alluna ba kasafai suke ɗauke da suna ba, da alama ake gane wanda aka zana. Harkulis yana yafe da fatar zaki, riƙe da kulki. Atina tana sanye da kwalkwali, mujiya na kusa da ita. Fosaidon yana riƙe da mashi mai baki uku, Afolo kuwa da kayan kiɗa mai tsirkiya, Hamis da takalma masu fukafukai. Alamomin ba su sauya ba cikin shekaru fiye da 2,000, kuma wannan dawwama ita ce tushen ruɗanin: alama tana faɗin wane ne a jikin allo, ba ta faɗin yaushe aka zuba shi.

4.0 Tantance Shekaru

Amsar tana jikin ƙarfen. Na farko, tagulla tana tsukewa idan ta huce, don haka allon da aka kwafa daga wani allo yakan ɗan gaza na asali girma, layukansa kuma su dusashe. Na biyu, koren tsatsar da ƙarnoni suka haifar takan kama jikin ƙarfe sosai, sau da yawa da jan launi a ƙarƙashinta, saɓanin wadda aka shafa da sinadari. Na uku, bayan allo yakan ɗauki hatimin masana'anta, kamar na Barbedienne da na Collas. Na huɗu, akwai kwafi mai araha da aka yi da tutiya aka rina shi, wanda idan aka kankare sai fari ya bayyana. Akwai kuma wanda aka yi da wutar lantarki bayan 1840, mai sirin jiki kamar ɓawo.

5.0 Kammalawa

Hoton Medusa guda ya kasance makari a hannun Barume, shaidar ilimi a Italiya, sannan hajar kasuwa a Faransa. Dogaro da kamanni kaɗai kuskure ne da ya taɓa shafar Afirka: a 1910 Leo Frobenius ya ga kan da ake kira Olokun a Ife, ya danganta shi da Fosaidon da ɓatacciyar ƙasar Atlantis, bincike kuwa ya tabbatar da cewa aikin mutanen Ife ne. Ya kamata mai nazarin fasaha da al'ada ya raba tambayoyi uku: wane labari ne, wa ya ƙera, kuma don wa aka ƙera.